Ganau Mai Cewa "Wai"

Haɗeja,
ƙarshen damina.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake na san inda za ta same ki: cikin jirgin ƙasa, kin baro Malam Madori kin nufi Kano, Innarki na gefenki tana gadin kayan da ba mai sha'awar sata. Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Sunan mahaifiyata kika ci, saboda haka in na yi miki faɗa a nan, ki ɗauke shi ƙorafin ɗa ne a gaban uwarsa.

Za ki ce gida ɗaya muke kwana, me ya hana ni faɗa da baki? Abin da ya hana shi ne, in na fara magana na ga fuskar mai saurarona ta soma murmushi, sai in bi murmushin in bar gaskiya a hanya. Takarda kuwa ba ta dariya.

Kin tuna gardamarmu ta watan jiya a kan littafin nan na Amurka da za ku karanta a jami'a, wanda kika ciro daga akwatina ba da izini ba. Kin ce a duk mutanen da ke ciki, mai ba da labarin ne kaɗai mutumin kirki: mai ladabi ne, ba ya zagin kowa, yana zaune a gefe yana kallon masu kuɗi suna ɓarna, ya zo ya faɗa mana. Na ce miki ki yi hattara da shi. Kika ce hassada nake yi, don ya fi ni iya labari. Ya fi ni, ban musa ba. Amma na san irinsa, domin kullum da safe shi nake gani in na leƙa randa.

Ga yadda abin yake. Gidan da za ki riƙa sauka a Kano gidan Kawunki Bukar ne, ƙanin Innarki. Abin da kika sani game da shi bai wuce sunan da garin nan yake kiransa ba, Bukar Tarwaɗa. Ni na raɗa masa, ba rago ba goro.

Wajen shekarun da aka sami mulkin kai, kina tatata, Bukar ya dawo Guri daga makarantar koyon noma da kansa cike da dabaru. Ya tara samari suka ɗaga jinga, doguwar ganuwar ƙasa, suka kewaye fadamar shinkafar mahaifinsa, don ruwa ya shiga lokacin da shi ya so, ba lokacin da kogi ya so ba. Dattawa suka ce ba a yi wa kogi ƙofa. Ya ce za su gani. A hutun makaranta na je Guri gaida surukai, na tarar kogi ya cika fiye da yadda ya saba. Da hantsi Bukar ya ɗauke ni a kwalekwale, mu biyu, in je in ga aikinsa.

Uwata, jingar nan ba ta fashe ba. Na ga wannan da idona. Ruwa yana dukanta, tana tsaye, shinkafa a ciki ta fitar da kai, kore shar. Sai dai ruwan da ya saba bazuwa cikin wannan kwari, da ya rasa hanya, ya juya ya nufi wani ɗan tudu inda Fulani suka kafa ruga. Muna hango mata suna kwance maruƙa, ruwa ya kai musu gwiwa, wata tsohuwa ta ɗora ƙwarya a ka tana ihu. Bukar ya daɗe yana kallon shinkafarsa. Sannan ya tuɓe riga ya miƙo mini, ya ce, "Malam, riƙe." Ya ɗauki fartanya ya hau jingar ya yi ta sara har ruwa ya karɓi aikin daga hannunsa. Kafin azahar shinkafa ta nutse, ruwan ruga ya ja baya. Ni aikina a ranar riƙon riga ne, kuma na riƙe ta da kyau, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

Bayan makonni ruwa ya janye, ya bar kwarin cike da tarwaɗa, yara suna kamawa da hannu. Fulanin nan kuwa sun daɗe da tashi, ba su ma san wa ya cece su ba. Mutanen Guri suka ɗauka jinga ce ta gaza.

Da na dawo Haɗeja, a majalisarmu ta ƙofar shagon tela, aka ce, "Malam, ina labarin Guri?" Kin san mu Fulani da Barebari, dangin su Bukar, abokan wasa ne tun kaka da kakanni, ga shi kuma ƙanin matata, wasa biyu ke nan a hannuna. Na gyara zama na ce, "Wai Babarbaren nan ya shuka shinkafa, ya girbe tarwaɗa." Tela ya yi dariya har ya soke yatsa. Aka ce in sake, na sake, na ƙara gishiri. Batun fartanya da ruga ban sa shi ba, don na auna na ga in ya shiga dariya za ta mutu. Kafin kasuwa ta zagayo, labarin ya riga ni komawa Guri.

Ki duba kalmar da na fara da ita. "Wai" kalmar jiyau ce, wanda aka gaya wa, bai gani ba. Ni kuwa ganau ne, rigar mutumin tana hannuna. Na ari bakin jiyau don in ci daɗin labarin ba tare da na ɗauki nauyinsa ba. Ban shirya hakan ba, da kanta ta fito, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

To ga shawarar farko. In kina karanta littafin nan, ko kina sauraron wata a ɗakin kwanan ɗalibai tana ba da labarin wata, kada ki tsaya kan abin da aka faɗa kawai. Ki tambayi kanki: shi mai faɗar, ina yake tsaye lokacin da abin ya faru, kuma me ke hannunsa? Mai labarin littafinku ya ci abincin mutanen da yake ba mu labarinsu, ya shiga motocinsu, ya yi musu aike. Yana cewa ba ya yanke wa kowa hukunci, amma shi ya zaɓi abin da za mu gani da abin da ba za mu gani ba. Alƙalin da ya zaɓi shaidu ai ya gama shari'a tun kafin a zauna. Ke kuma, abin da kika gani ki ce "na gani". Abin da kika ji, in ba dole, ki bar shi inda kika ji shi.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, ko da yake a lokacin na ɗauke shi halin dattako. Da rani ya yi, samarin da suka yi aikin jinga suka rabu biyu, wasu na son a sake ɗaga ta a wani wuri, wasu na cewa sun gaji da zama abin dariya. Bulama, mai garin Guri, ya tara mutane a ƙofar gidansa, ni ma ina garin, aka ba ni tabarma kusa da dattawa don ni malamin makaranta ne. Bukar ya miƙe ya ce, "Jinga ba ta fashe ba. Ni na sare ta." Aka yi dariya. Wani ya ce, "Haka ne, tarwaɗa ce ta aike ka." Bukar ya nuna ni ya ce, "Ku tambayi Malam, yana wurin."

Bulama ya juyo ya ce, "Malam, me ka gani?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne a nan, ban san harkar ruwa ba, kuma ba na so in shiga tsakanin 'yan gari. Ni dai na ga ruwa ya shiga gona."

Ki auna maganar nan kalma kalma, ba za ki sami ƙarya ko ɗaya ba. Baƙo ne ni, ban san ruwa ba, ruwa kuma ya shiga gona. Dattawa suka yaba, suka ce ɗan Fulani akwai kunya. Ni ma na sa wa abin suna fulako, na tafi da shi gida ina jin daɗi. Gaskiyar ita ce, in na ce Bukar ya yi gaskiya, na ƙaryata labarin da ya sa aka san ni daga Haɗeja har Guri. Na zaɓi labarina. Bukar ya dube ni kawai, ya zauna. Kafin damina ta sake faɗuwa ya tattara ya tafi Kano, kuma bai ƙara kwana a ƙasar nan ba sai ranar jana'izar mahaifinsa.

Innarki ba ta taɓa yi mini gori ba. Ban san me ƙaninta ya gaya mata ba. Abin da na lura shi ne, tun daga shekarar, in na ba da labari kowa a gida na dariya, ita sai ta ce, "Allah Ya kyauta," ta ci gaba da tankaɗe. Kin sha ji. Kin ɗauka halinta ne.

Shawara ta biyu gajeriya ce. Akwai shirun da yake ladabi, akwai shirun da yake shaidar zur. In aka kira sunanki aka ce kina wurin, kin daina zama 'yar kallo, ko kin so ko kin ƙi. Za a yaba miki in kika yi shiru, a ce yarinyar nan ba ruwanta. Kada yabon ya ruɗe ki, na sha shi na san ɗanɗanonsa.

Kuskure na uku shi ne zai fi ba ki dariya, don littafin naki ne ya jawo shi. Wani Ba'amurke da muka yi koyarwa tare ya bar mini shi da zai koma ƙasarsu. Na karanta, na ga yadda mai labarin ya juyo daga baya ya yabi mutumin da kowa ya guje wa, ya ɗaga shi sama da duk masu zaginsa. Sai na ji sanyi a raina, na ce ashe ni ma ina da hanya. Na soma yabon Bukar a zuci. Har a aji nakan tsaya in dubi taga in ce wa ɗalibai, "Na san wani mutum da ya nutsar da gonarsa don baƙin da bai san sunansu ba." Yara su yi tsit, ni kuma in ji kamar na yi kaffara. Ban taɓa faɗin sunansa ba. Ban taɓa faɗa a majalisar tela ba, inda ake bukatar ji. Tasha tana nan Malam Madori, jirgi na zuwa yana komawa, ban hau ba. Dā na mai da shi abin dariya, yanzu na mai da shi waliyyi, kuma a duka biyun ni ne nake cin riba, shi yana can bai san ana yi ba.

Wannan shi ne abin da na kasa bayyana miki ranar gardama. Yabon da mai labari yake yi wa wanda aka zalunta, bayan komai ya wuce, ba ya cin masa komai. Shi yake fitowa fes, mu masu karatu mu ce, kai, wannan akwai zuciya. Ki so shi in kin ga dama, yana da daɗin zama. Amma in malaminku ya tambaya wa ya fi kowa laifi a littafin, kada ki manta da sa sunansa cikin waɗanda za a bincika.

Da haka zan mutu, ina jin, ba don takardarki ta shiga jami'a ta zo ba. Kin san abin da Baffanki Babba, yayana, ya ce: ba 'yar gidan nan da za ta zauna Kano ba tare da gidan dangi da za ta riƙa komawa ba, wanda za a nema in wani abu ya taso. Kin yi kuka, kin ce ba mu da kowa a Kano. Abin da ba ki ji ba shi ne amsar Innarki bayan kin fita. Ta ce, "Gida akwai. Malam ne dai ba shi da ƙofar shiga." Na lissafa na ga karatunki gaba ɗaya ya rataya a kan barkwancin da na yi a ƙofar tela. Sai na shirya tafiya Kano.

Tafiyar da na ce miki ta taron malamai ce, ba taro. Na sami Kawunki a shagonsa, tsakanin injunan ban ruwa jere kamar shanu a kasuwa. Tun da aka datse kogi daga sama ruwa ya rage zuwa, duk mai fadama injin yake nema, ga kuɗin mai ya shigo ƙasa. Ya yi ƙiba, gemu ya soma fari. Na yi sallama. Ya ɗago ya dube ni daga hula har takalmi.

Ya ce, "A'a. Bafillace a Kano? Saniya ce ta ɓata?"

Na ce, "Babarbare, ko ruwa ba za ka ba baƙo ba?"

Ya ce, "Ai kai ba ka san harkar ruwa ba."

Uwata, na yi shekaru ina koyar da magana, ban taɓa shan mari irin wannan ba. Na zauna a kan wani akwati ba a ce in zauna ba. Na faɗi abin da ya kawo ni, na fara da batunki, don in an kore ni a san dalilin zuwana. Sannan na shiga ba da haƙuri. Na tsara jawabin tun daga jirgi, da aya da karin magana. Ya bar ni na yi nisa, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Malam, tsaya, ka fara jin daɗin muryarka. Kana tsammanin tarwaɗar ce ta yi mini ciwo? Wallahi maganar ta yi daɗi, ni kaina na yi dariya da na ji. Wasa ai namu ne, kakana ya yi da kakanka. Da ka tsaya a gabana ka ce, Bukar, na ga ka girbe tarwaɗa, da na ce kai kuma na ga namiji ya riƙe riga kamar mai jiran wanki, a yi dariya a tashi. Amma ka ce wai. Wa zan rama wa? Duk wanda na tara ya ce shi ma ji ya yi. Ka jefe ni ka ɓoye hannu, sannan ka kira shi wasa."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Kai, sake faɗi, ban taɓa jin ka yi magana gajeriya haka ba."

Ya aika aka kawo fura, ya ce kada in ce Babarbare bai san abincin Fulani ba. Muna sha ya ce, "'Yar Yaya 'yata ce. Ko kai ne Iblis, ɗakinta na nan, matata ta daɗe tana son mai taya ta hira. Wannan ba ciniki ba ne, kada ka haɗa. Amma kai, tsakanina da kai, akwai saura. Ka je Guri, ƙofar Bulama, ka faɗi abin da ka gani. Kuma kada ka sa gishiri."

Na fito shagon nan ina jin kamar an sauke mini buhun gyaɗa daga ka. Har na yi wa ɗan dako sallama sau biyu.

Na je Guri ranar Juma'ar da ta wuce. Tsohon Bulama ya rasu, ɗansa ke kai, samarin jinga sun soma furfura. Bayan an sauko daga masallaci na nemi izini, na tsaya, na ce na gani da idona, na faɗa tun daga riga har fartanya, har da amsar da na bayar a wannan wuri. Ban taɓa ba da labari mara daɗi irinsa ba. Ba wanda ya yi dariya, wani ma ya yi gyangyaɗi. Da na gama aka ce, "Allah sarki, Bukar." Ɗaya daga cikin masu furfurar ya daɗe yana kallon ƙasa, ya ce, "Da mun sani, da mun sake ɗaga ta." Sai wani tsoho mai kunne ɗaya ya matso ya ce, "To Malam, tarwaɗar fa? Ya girba ko bai girba ba?" Aka fashe da dariya, har da ni. Magana zarar bunu ce, na sani tun ina yaro, amma sai ranar na ga ramin da take bari a jinka. Sunan nan ba zai goge ba. Na dai faɗa, a inda ya kamata, da bakina.

Da na dawo na ba Innarki labarin tsohon nan, ta yi dariya har ta ajiye rariya. Daga nan ta ce ita za ta raka ki, ta kwana biyu a gidan ƙaninta. Shi ya sa kika ga ta cika kwando da busasshen kifi da kuka da daddawa kamar Kano ba kasuwa.

Sauran shawarwarin kin san su: salla a kan lokaci, ki gaida na gaba, kada ki ari abin da ba za ki iya mayarwa ba, ki rubuto wa Innarki ko layi biyu ne, ni zan karanta mata ba ƙari. Kina da bakina, Uwata, na ji ki kina kwaikwayon Baffanki Babba a bayan ɗaki, kuma kin fi ni. Baiwa ce, ban ce ki binne ta ba. Ki yi wasa da wanda yake gabanki, wanda zai iya ramawa.

Kawunki zai tarye ku a tasha. Ya gaya mini, ba a ɓoye ba, cewa kullum bayan cin abinci zai riƙa ba ki labarina, tun daga zuwana neman auren Innarki da takalmi ƙafa ɗaya baƙi ƙafa ɗaya ja, har abubuwan da ni na manta. Zai ƙara gishiri, na tabbata, Babarbare ne. Kada ki kare ni. Ki zauna ki saurara, in ya yi daɗi ki yi dariya. Ya daɗe yana jiran a ba shi fili.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ilimi mai amfani da abokan zama na gari. Ya kare ki a tafiya da zama, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki gaida Kawunki da iyalinsa, ki ce Bafillace ya cika alkawari.

Wassalam.

Naki,
Baffa.